Maganar Wakili

Jama'a, kafin wani ya fara zagina a ƙasan rubutun nan, bari in faɗi laifina da bakina. Saƙo aka turo min, na karanta abin da raina yake so, na tara wa mahaifina mutane a falo. Iyakarsa kenan. Amma ku saurari yadda aka yi, don wallahi ke da kike taɓe baki yanzu, da ke ce da kin faɗa ramin nan har wuya.

Sunan Babana ya ɓace tun kafin a haife ni. Wakili kowa yake ce masa. Shekara talatin da ɗaya yana wakiltar wani kamfanin motoci na ƙasar waje, masu tambarin fitila a goshin mota, kuma duk mai fitilar da ke yawo a garinmu ta ƙofar shagonsa ta fito. Ko Mama, in ranta ya ɓaci, Wakili take kiransa. Shagon ba wani babba ba ne, mota shida yake ci, da fanka biyu, ɗaya tana kuka kamar an take mata wutsiya. Amma allon da ke saman ƙofa, mai hoton fitilar, duk ranar Litinin Baba da kansa yake taka kujera ya goge shi. Ko mai gadi ba ya bari ya taɓa.

Ni kuwa tun da na gama makaranta ya ajiye min tebur kusa da nasa. Wasiƙun kamfani da yarensu suke zuwa, Baba kuma ciniki kawai ya iya da yaren, ba karatu ba. Ni ce mai karantawa in fassara, shi ya faɗi amsa in rubuta. Sakatariya yake ce min, ko a gida.

Wata takwas da suka wuce wata wasiƙa ta zo mai shafi huɗu. Na karanta masa sau ɗaya, ya ce in maimaita.

"Sun ce sun yi haɗin gwiwa da kamfanin masu tambarin tsani, Baba. Masana'anta ɗaya za su riƙa amfani da ita, inji ɗaya, jiki ɗaya. In motar ta fito, rabi a manna musu fitila, rabi a manna musu tsani. Wai da haka za su shiga ƙasashen da ba su taɓa shiga ba, su kuma fara kawo masu aiki da lantarki."

"Mota ɗaya, goshi biyu?" Ya yi dariyar da ba ta kai ido ba. "Masu tsanin nan da muke yi wa dariya? To mu ina muke a ciki?"

"Shafi na ƙarshe ya ce kowane yanki wakili ɗaya za a bari."

Wakilin masu tsani a garinmu kuwa Mai Gilashi ne, mutumin da ya gina shago hawa uku a kan babban titi, duk bangon gilashi, har da wani faifai da mota take juyawa a kai a hankali. Baba ya miƙe ya kashe fankar nan mai kuka, ya dawo ya zauna.

Da muka ba Mama labari a gida, cewa ta yi, "Au, aure suka yi kenan? To ai in an yi aure ba a korar dangi." Yayana ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Ni ban yi ba.

Bayan sati biyu kamfani ya turo jami'insa na yankinmu ya duba shaguna. Dogo, mai tabarau, ya naɗe hannun riga zuwa gwiwar hannu, yana magana ƙasa-ƙasa sai ka matso. Ya gaishe da Baba har da rusunawa, ya fito da awo daga aljihu ya kalle ni.

"Ranki ya daɗe, za ki riƙe min bakin nan?"

"Me ake aunawa?"

"Faɗin shago. Saboda sabon allo."

Na riƙe masa bakin awon a jikin bango, shi ya ja har ɗaya bangon, ya tsaya yana kallon lambar ya daɗe. Ni a zatona ni yake satar kallo. Ranar na ajiye lambarsa a wayata da suna Mai Awo, kuma har yau haka take.

Ba zan tsaya ina ba ku labarin yadda aka fara ba, kun san yadda ake yi. Saƙon "kin tashi lafiya", saƙon "kin ci abinci", sai mutum ya wayi gari yana murmushi shi kaɗai a gaban kwamfuta. Ina son shi. Na faɗa. Ba don kamfani ba, ba don kowa ba. Mutum ne da in kana magana yake cire tabarau ya saurare ka.

Amma tun ranar da Mama ta gane ko wane ne, sai ta kafa min ƙahon zuƙa.

"Ki riƙe yaron nan hannu bibbiyu. Wa zai sauke surukinsa daga wakilci? Ke ce fa igiyar da shagon nan yake rataye a jiki."

"Mama, ni ba haɗin gwiwa ba ce."

"Ji min 'ya! To me ake da aure in ba haɗin gwiwa ba?"

Gwaggo, yayar Baba, wadda tun rasuwar mijinta take zaune da mu, ita kullum lissafinta shekaruna. Yaya kuma duk ya gan ni da waya sai ya ce, "Ki gaida mai ceton shago." Har na fara jin kunyar son da nake yi masa, kamar wanda aka aike ni in yi.

Sau ɗaya na tambaye shi maganar shagon. Ya cire tabarau ya ce, "Kar mu haɗa aiki da zance. Ni awo nake yi, manya ke yankewa." Maganar aure kuwa, mahaifinsa ya rasu, ya ce Kawunsa ne wakilinsa, kuma yana wata doguwar tafiya. Da ya dawo zai turo shi wajen Baba. Daga ranar, gaisuwar Mama ta safe ta koma, "Wakilin nasa ya dawo?"

Ku riƙe wannan da kyau. A gidanmu wata uku cur, in aka ce wakili, Kawun nan ake nufi.

Ranar Laraba da la'asar ina tsakar gida ina gugar kayan Baba, wayata ta yi ƙara a kan tebur. Mai Awo kwanansa uku yana babban ofishinsu a wani gari, ana taro. Na buɗe.

"An yanke maganar wakili. Gobe ƙarfe goma za mu zo wajen Baba. Ki shirya zuciyarki. Zan kira ki."

Ga inda laifina yake. Gabana ya faɗi sau biyu. Na farko na murna, na biyu na wani abu daban. Wata murya a can ƙasan raina ta ce, wane wakilin? Na ji ta sarai. Na danne ta, saboda ba na son amsar.

Ban ankara ba Mama tana bayana. Ta fizge wayar, ta karanta tana motsa baki, ta saki ihun da ya sa Gwaggo ta fito da ɗankwali a hannu.

"Ya dawo! Kawun ya dawo! Gobe za su zo!"

"Mama, bari in kira shi in ji..."

"Ki ji me? Ga shi nan ɓaro-ɓaro. Ki shirya zuciyarki, in ji shi. Kai, yaron nan ya iya magana! Rubuta masa Allah ya kai mu."

Na rubuta. Har da hoton zuciya na ƙara, ni da kaina, ba wanda ya sa ni. Ko minti ɗaya ba a yi ba wayar ta fara ruri. Na kai hannu, Gwaggo ta rigaye ni.

"Kul! Yarinyar da za a zo neman aurenta gobe ba ta ɗaukar waya. So kike ya raina ki tun a waje?"

Ya kira sau bakwai. Ina tsaye da dutsen guga a hannu ina ƙirgawa. Bayan na bakwai wani saƙon murya ya shigo, na hango tsawonsa, minti huɗu da 'yan kai. Gwaggo ta kashe wayar ɗungurungum ta jefa a jakarta.

"Ɗoki ne yake cinsa," ta ce. "Bari ya ɗanɗana."

Da Baba ya dawo daga shago Mama ta tare shi tun daga ƙofa, bakinta har kunne. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya juyo gare ni. Ya daɗe yana kallona.

"Sakatariya, ke kika karanta saƙon?"

"Ni ce, Baba."

"To ai ba kya kuskuren karatu."

Nan take ya kira Baffa, wansa, da ƙannensa biyu, ya ce gobe su zo da wuri. Ya kira mai gadi ya ce kada a buɗe shago. Ni tun da nake ban taɓa ganin shagon nan a rufe ranar aiki ba.

Washegari tun ƙarfe bakwai gidan ya kaɗe. Aka cire ledar da ke kan kujerun falo, aka shimfiɗa sabon kafet ɗin da Mama ta shekara biyu tana ɓoyo a saman durowa, aka fito da kofunan gilashi masu bakin zinare. Turare har yana sa tari. Baba ya sa farin yadinsa da hular da ba ya sawa sai abu ya kai abu. Ni aka sa ni doguwar riga ruwan zuma mai aikin zare a wuya, da mayafi kalarta, Gwaggo ta zizara min kwalli tana cewa in daina ƙifta ido. Hannuna sanyi ƙalau. Mama ta taɓa ta ce kunya ce.

Goma ta yi. Goma da kwata. Goma da rabi. Baffa ya fara duba agogo yana gyaran murya.

Goma da minti arba'in muka ji tsayuwar mota. Mu uku muka ruga taga. Mai Awo ne ya fara fitowa, da kwat ɗin aiki, katin shaidar kamfani yana lilo a wuyansa. Sai wani dattijo mai furfura. Sai wata mata riƙe da jakar takardu.

"Ga Kawun nan, mai furfura," in ji Mama. "To ita kuma matar ta mece ce?"

A bayansu wata a-kori-kura ta tsaya, da ma'aikata biyu a ciki, da dogon tsani ɗaure a samanta.

"Kayan gaisuwa ne," in ji Gwaggo, amma muryarta ta sauka.

Wa yake zuwa neman aure da tsani?

Muka laɓe a bayan labulen falo. Aka gaisa, aka sake gaisawa, Yaya ya zuba lemo. Ta gefen labule na ga Mai Awo yana bin falon da kallo, kafet, kofuna, Baffannina uku a jere cikin fararen kaya. Fuskarsa ta yi fari fat. Ya buɗe baki zai yi magana, Baffa ya riga shi.

"To madalla. Wanne ne wakilin a cikinku?"

Dattijon ya kalli matar, ya kalli Mai Awo, sannan ya nuna Baba da hannu cikin ladabi.

"Ai wajen Wakili muka zo. Ni ne shugaban yanki na kamfani. Mun je shago mun tarar a rufe, mai gadi ya ce kuna gida kuna jiranmu. Sai muka ɗauka labari ya riga ya iso."

Mama ta damƙe hannuna har faratanta suka shiga. Matar ta zaro farar ambulan ta ajiye a kan tebur, tsakanin kofunan nan masu bakin zinare. Baba ya kalli ambulan ɗin. Bai taɓa ta ba.

"Sakatariya," ya kira.

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Na fito da kwallina da rigata ruwan zuma, na durƙusa a gefen kujerarsa. Ya miƙo min.

"Karanta min."

"Baba, ko a bari sai..."

"Shekara biyar ba ki taɓa ɓoye min ko harafi ɗaya ba. Karanta."

Na karanta. Ina fassarawa layi-layi. Suna godiya da hidimar shekara talatin da ɗaya. Bisa sabon haɗin gwiwa, daga ƙarshen wata wakilcin yankin gaba ɗaya ya koma shagon babban titi. Za a zo a kwashe motocin da suka rage. Allon kamfani kuwa yau za a sauke shi.

"Ci gaba."

"Sun ce dalili shi ne..." Na sake duba layin. "Faɗin shagon ya gaza sabon ƙa'ida da mita huɗu. Babu wajen da za a sa na'urar cajin motocin lantarki."

"Mita huɗu," in ji Baba, kamar yana ɗanɗana kalmar. "Wa ya sa hannu?"

"Mutum uku."

"Akwai wanda na sani?"

Na kalli ƙasan takardar. Na san sa hannun nan, mai doguwar jela, shi ne a kan katin da Mai Awo ya taɓa ba ni, wanda ke ƙarƙashin matashina.

"Ni ne na uku, Baba," in ji Mai Awo.

Baffa ya miƙe zumbur, hularsa har tana karkacewa. "Kai! Wane irin cin mutunci ne wannan? Ka tara mu kamar..."

"Zauna, Yaya," Baba ya ce wa wan nasa. "Ba shi ya tara ku ba, ni na tara ku." Ya juya ga baƙin. "Ku sha lemo, an riga an zuba. Tsaninku kuwa ku mayar da abinku. Ni na ɗora allon nan, ni zan sauke shi."

Ba wanda ya taɓa kofi. Dattijon ya sunkuyar da kai, matar ta rufe jakarta a hankali. Ina tsammanin an gama, sai Mai Awo ya zamo daga kujera ya durƙusa a kan sabon kafet ɗin Mama.

"Baba, na san ba lokacinta ba ne. Amma ɗaya maganar tana nan. Kawu ya dawo shekaranjiya. Jiya na yi ta kira in yi mata bayani, ban same ta ba."

Daga bayan labule na ji Gwaggo ta ja numfashi.

Baba ya ce, "Na mota kun karɓe, naku ne. Wannan kuwa ba kamfani ne ya ba ni ita ba. Ga ta nan. Ta iya karatu, ta iya amsa."

Idanun kowa suka dawo kaina. Ina da magana cike da ciki, amma tambaya ɗaya ce ta fito.

"Ranar da na riƙe maka bakin awo, ka ce min saboda sabon allo ne. Yaushe ka san shagon ya gaza?"

Ya cire tabarau. Da ma bai cire ba.

"Tun da na ga lambar."

"Ina riƙe da ɗaya bakin?"

"Kina riƙe da ɗaya bakin."

Wata takwas, jama'a. Wata takwas na "kin tashi lafiya". Na ninke takardar na ajiye a kan tebur, na miƙe na shige ciki, ban ce masa eh ba, ban ce masa a'a ba. Mama, wadda jiya take cewa in riƙe shi hannu bibbiyu, ta bi ni har ɗaki tana faɗin in na sake kula maciyin amanar nan ba ita ba ni. Gwaggo kuwa ta ciro wayata daga jaka ta ajiye a kan gado, ta fita sum-sum.

Da la'asar Baba ya leƙo, har yanzu da farin yadinsa. "Taso ki raka ni."

Muka buɗe shago mu biyu. Ya jawo kujerar nan tasa ta ranar Litinin, ya taka, ni ina riƙe da ƙafafunta. Kafin ya kwance allon sai da ya goge shi tas da hankicinsa. Yana kwance kusoshin ɗaya bayan ɗaya yana miƙo min, huɗu ne, duk sun yi tsatsa. Hawayena suna ɗiga a kan hannuna.

"Baba, ka yafe min. Na ji a jikina, na ƙi tambaya. Na kunyata ka a gaban su Baffa."

"Kuskuren karatu ɗaya a shekara biyar, ba a korar sakatariya a kansa." Ya sauko da allon a rungume, yana haki. Inda aka cire shi fentin bangon ya fi sauran haske. "Gwaggonki ta ce ya bar miki saƙo."

"Ba na son ji."

"Ban ce ki yafe masa ba, ban ce ki aure shi ba. Shagon da uwarki take so ki ceta ya riga ya tafi, yanzu ba bashin kowa a wuyanki. Amma jiya rabin magana kika ji, kin ga inda ta kai mu. Wannan karon ki saurara har ƙarshe."

Yanzu haka ina zaune a teburina, a shagon da babu allo, kusoshi huɗu a gabana. Baba ya kunna fankar mai kuka yana zagaya motocin nan shida yana shafa goshinsu. Abin da ya fi ƙona min rai, kuma ku kaɗai zan faɗa wa, shi ne har yanzu in na tuna yadda yake cire tabarau sai zuciyata ta motsa.

Saƙon yana nan. Minti huɗu da daƙiƙa goma sha biyu. Yatsana yana kai tun ɗazu, ban danna ba.